Babi na 6: Kafin ka ce turbon motarka ya mutu

Darasi na 1: Ina turbon yake?

Sannunku da ƙoƙari, 'yan'uwa. Wannan babi na masu a-kori-kura mai shan gas ne, irin Toyota Hilux mai inji 2.5 ko 3.0, wadda ake lodin buhuna a kai kasuwannin ƙauye. Ku karanta a hankali. Wanda wata kalma ta tsaya masa, ya ɗora yatsa a kanta ya maimaita. Babu kunya a nan, duk koyo ne ya tara mu.

Kashe inji. Zare makulli ka sa a aljihunka. Buɗe bonet, ka nemi akwatin filtar iska, wadda makanikai ke ce wa iya kilina. Akwai babban tiyo da ya fito daga akwatin. Bi shi da ido. Inda ya ƙare za ka ga wani ƙarfe mai siffar dodon koɗi, a gefen da salansa ta fito daga inji. Shi ne turbo.

A cikinsa akwai farfela 2 a kan sanda ɗaya. Hayaƙin inji ne ke juya ta baya, ta gaba kuma tana tura iska cikin inji. Sandar na juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, kuma baƙin mai kaɗai ke hana ta cin ƙarfe. Iyakar bayanin da kuke buƙata ke nan.

Darasi na 2: Abin da mota ke nunawa

Mota ta rasa ƙarfi a hawa. Ka taka totur, sai baƙin hayaƙi. Ko hayaƙi shuɗi mai warin ƙonannen mai. Ko wani fito da ba ka saba ji ba. Da an ga haka sai a ce turbo ya tafi, a kama hanyar kasuwar kayan gyara. Dakata tukuna.

Ciro filtar iska ka ɗaga ta a rana. In haske ba ya ratsa ta, ta toshe. A lokacin hunturu ƙura na toshe filta da wuri, kuma inji da ba ya samun iska dole ya yi baƙin hayaƙi ko da turbonsa sabo ne fil. Sai ka bi tiyon da ke kai iska daga turbo zuwa inji, ka matsa shi da hannu, ka duba har ta ƙarƙashi. Tsaga ƙarama kamar ta reza ta isa ta kawo fito da rashin ƙarfi. Duba kowane kilif, wanda ya yi sako-sako ka ɗaure. Filtar gas ma in ta yi datti tana kashe wa mota gwiwa. Duk waɗannan kuɗinsu kaɗan ne.

Darasi na 3: Gwajin yatsa

A nan ne mafi yawanku ke tuntuɓe, don haka za mu daɗe.

Inji a kashe. Makulli a aljihu. Inji ya huce sarai, domin turbo mai zafi yana saɓule fatar hannu. Kwance kilif ɗin babban tiyon nan na darasi na 1, ka zare tiyon daga bakin turbo. Haska tocila, za ka ga farfelar gaba. In fuka-fukanta sun guntule ko sun lanƙwashe, wani abu ya shiga ya lalata ta. In bangon da ke kewaye da ita ya karce yana ƙyalli, tana gogarsa.

Yanzu kama notin da ke tsakiyar farfelar da yatsa 2, babban yatsa da manuniya. Juya ta. Ya kamata ta juya sumul, ba cijewa, ba ƙara.

Sai girgizawa, kuma iri 2 ce. Ta farko: sama da ƙasa, hagu da dama. Ta biyu: ka jawo ta wajenka, ka tura ta ciki. Ba ɗaya ba ne.

Sama da ƙasa, in ta ɗan motsa kaɗan amma ba ta taɓa bango ba, lafiya lau ne. An bar wannan ɗan gurbin ne don baƙin mai ya cika shi in inji ya tashi. Ciki da waje kuwa, bai kamata ka ji motsi ba. In ka ji tana tafiya tana dawowa, turbo ya samu matsala.

Mu sake. Sama da ƙasa, ɗan motsi ba laifi. Ciki da waje, motsi laifi ne. Ku faɗa da baki sau 3. Madalla, haka nake so.

Na ga ɗalibin da ya ji ɗan motsin sama da ƙasa ya ce turbo ya mutu, ya sayi wani, ƙarshe tiyo ne ya tsage. Na ga wanda ya girgiza sama da ƙasa kawai, ya mayar da tiyo ya ce lafiya, bai ja ciki da waje ba. Kada ka damu in hannunka bai gane ba da farko. Yatsa na koyo kamar yadda ido ya koyi baƙi da wasali. Nemi tsohon turbo a gareji ka riƙa gwadawa, ka rufe ido, ka saurari abin da yatsanka ke ji.

Amma ina roƙonku, ku daina cusa sukundireba a bakin turbo. Sau nawa zan faɗa? Farfelar gaba ba ta da kauri, ɗan lanƙwasa ya isa ya ɓata ta. Kuma wanda ya bar makulli a jikin mota yaro ya zo ya murɗa, yatsunsa ne a bakin farfela. Wannan ba wasa ba ne. Wasunku har yanzu suna tsallake layin kashe inji da zare makulli don gaggawa, sai ka ce ana korarsu. Ku koma ku karanta shi. Makulli a aljihu, yatsa 2, sama da ƙasa, sannan ciki da waje.

Darasi na 4: Baƙin mai

Ɗan maiƙo a cikin tiyo ba abin tsoro ba ne. In mai ya taru har yana zuba, duba bututun da ke mayar da mai daga turbo zuwa ƙasan inji, wataƙila ya toshe. Ringin fistin na cikin inji da ya cinye ma yana kawo hayaƙi shuɗi. Auna baƙin mai kowace safiya.

In inji ya kama gudu da kansa, hayaƙi ya turnuƙe, ka kashe makulli ya ƙi mutuwa, baƙin mansa yake sha. Taka birki da ƙarfi, sa giya mafi girma, saki kuloci. Kada ka toshe bakin turbo da hannu.

Darasi na 5: In an tabbatar ya mutu

Kai wa makanike. A gano abin da ya kashe shi kafin a ɗaura wani. A wanke tiyo da lagireton iska, wato wanda ke sanyaya iskar turbo kafin ta shiga inji, a canza baƙin mai da filta, a ɗura baƙin mai cikin sabon turbon kafin a tayar. Bayan doguwar tafiya, bar inji a silo minti 2 kafin ka kashe.

Aikin gida: rubuta girgiza iri 2 a littafinka, ka sa alama a kan wadda bai kamata ta motsa ba.