Yadda za a gyara hoton babbar talabijin

Mutane da dama sun tambaye ni: sun sayi talabijin mai inci 55 ko 65, amma hoton yana fitowa dishi-dishi. Sau da yawa laifin na saiti ne da wayar da ke haɗa dikoda da talabijin. Ga abin yi, bi da bi:

1. Duba bayan talabijin ɗin. In wayar nan mai kai uku ce, ja da fari da rawaya, cire ta.

2. Haɗa dikoda da talabijin ɗin da wayar HDMI, wato mai faffaɗan kai ɗaya da ke ɗaukar hoto da sauti tare. Wannan matakin ya fi sauran tasiri nesa ba kusa ba, domin wayar rawaya ba ta ɗaukar hoton HD ko kaɗan.

3. A saitin dikoda, wajen ingancin hoto, zaɓi 1080i.

4. Da rimot, shiga Picture Mode ka zaɓi Movie ko Cinema. Hattara: kada hasken Vivid ya ruɗe ka. Na shago ne, yana ƙona launi har fuskar mutum ta koma ja. Ka ba idonka kwana biyu ya saba da Movie ko Cinema ɗin.

5. Rage Sharpness sosai.

6. Kashe saitin da ke sa motsin hoto ya yi santsi: TruMotion in LG ce, Motionflow in Sony ce.

7. Sa girman hoto a 16:9.

8. Kashe Eco, wato saitin rage cin wuta, in hoton ya yi duhu.

9. A YouTube, zaɓi 1080p da kanka. Amma yana cin data.

10. Goge allon da busasshen ƙyalle mai laushi. Kada ka fesa masa ruwa kai tsaye.