Kurakuran da aka fi yi wajen lissafin gishiri da sodiyam a abinci

Mutum zai zauna yana shigar da duk abin da ya ci a manhajar waya, kalori da furotin daidai wa daida, amma da an zo kan sodiyam sai lissafin ya watse. Manhaja ta nuna masa miligiram 1,400, alhali abin da ya shiga cikinsa ya ninka haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya kai miligiram 2,000 na sodiyam a rana, wato ƙasa da giram 5 na gishiri, kuma a ƙiyasinta abin da akasarin mutane ke ci ya ninka wannan har da ɗoriya. Sodiyam idan ya yi yawa yana riƙe ruwa a jiki, jini ya hau, daga nan kuma zuciya da ƙoda su fara shan wahala.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne ɗaukar gishiri da sodiyam a matsayin abu ɗaya. Kashi 40 cikin ɗari ne kawai na nauyin gishiri sodiyam. Don haka idan kwali ya rubuta sodiyam, ka ninka shi sau biyu da rabi ka samu gishiri: miligiram 400 na sodiyam daidai yake da giram 1 na gishiri. Kayan da aka shirya domin kasuwar Amurka sodiyam suke rubutawa a miligiram, na ƙasashen Tarayyar Turai kuma gishiri a giram. Wanda ya ga "1.2" a layin gishiri ya shigar da shi haka a gurbin sodiyam, ya rubuta kusan sifili a inda ya kamata ya rubuta 480. Ka zaɓi ma'auni ɗaya, ka riƙa mayar da komai zuwa gare shi kafin ka shigar.

Sai batun adadin da kamfani ya kira ci ɗaya. Lambar da ke bayan leda ta wannan adadin ce, wataƙila giram 30, kai kuma ka cinye giram 90 a zama guda. Ninka ta sau uku. In kana kwatanta kaya biyu, duba layin giram 100. Ƙa'idar da ake bi a Birtaniya tana da sauƙin riƙewa: gishirin da ya haura giram 1.5 a cikin giram 100 ya yi yawa, wanda bai wuce 0.3 ba kuma kaɗan ne. Kada kuma rubutun "an rage sodiyam" ya ruɗe ka, domin a dokar Amurka ma'anarsa an rage aƙalla kashi 25 cikin ɗari daga na asali, na asalin kuwa yana iya zama tsagwaron gishiri.

Gishirin tukunya shi ne wanda kusan kowa ke mantawa, kuma a nan ne ya kamata a fi tsayawa. Ana shigar da shinkafa da nama da mai, a bar gishirin da aka barbaɗa da hannu, saboda "ai ɗan kaɗan ne". Ƙaramin cokalin shayi guda na gishiri, shafaffe ba mai tozo ba, yana ɗauke da kusan miligiram 2,300 na sodiyam, ya riga ya wuce kason yini gaba ɗaya. Gyaran shi ne awo. Ka auna gishirin da cokali ko sikelin kicin kafin ya shiga tukunya, ka haɗa da na dunƙulen ɗanɗano kamar yadda aka rubuta a kwalinsa, sannan ka raba da yawan kwanukan da aka zuba. Cokali biyu a tukunyar da ta cika kwano shida, kowane kwano ya tashi da kusan miligiram 770. Akwai hanyar da ta fi wannan sauƙi ga gida mai mutane da yawa: a auna robar gishiri ranar farko, a sake aunawa bayan kwana bakwai, a raba bambancin awon biyu da yawan masu ci da kuma kwanakin.

Harshe ba ma'auni ba ne. Burodi ba ya ɗanɗanon gishiri, amma wanda ke cin yanka huɗu ko biyar kullum yana tara sodiyam mai yawa. Haka cuku, naman da aka sarrafa, kifin gwangwani da taliyar leda mai zuwa da ƙullin kayan ɗanɗano. Babban cokali guda na baƙin ruwan ɗanɗano na waken soya (soy sauce) yana kai wa kusan miligiram 900. Sodar yin burodi da sinadarin MSG, wato farin magi, su ma suna ɗauke da sodiyam, har da magungunan da ake jefawa a ruwa su yi kumfa su narke. Wake ko masarar gwangwani, a tsiyaye ruwan a ɗauraye, wani kaso mai kyau na gishirin zai bi ruwa.

Gishirin teku da jan gishirin Himalaya ba su rage komai ba. Giram ɗaya nasu da giram ɗaya na farin gishiri kusan sodiyam ɗaya ne, kuma sau da yawa ba a saka musu aidin, wanda jiki ke buƙata domin kauce wa maƙoƙo.

Gishirin da aka gauraya da fotasiyam kuwa da gaske yana rage sodiyam, amma ba na kowa ba ne. Mai ciwon ƙoda, ko mai shan wasu magungunan hawan jini da na zuciya irin su lisinopril, losartan ko spironolactone, fotasiyam na iya taruwa a jininsa har ya rikita bugun zuciya. Irin wannan mutum ya tambayi likitansa tukuna. Haka nan mai gudawa ko amai kada ya rage ruwan gishiri da sukari da sunan kiyaye lissafi, domin a lokacin jikinsa asarar sodiyam yake yi.

Masu neman rage ƙiba suna da nasu ruɗanin. An ci abinci mai gishiri da dare, da safe sikeli ya nuna ƙarin kilo guda, sai hankali ya tashi a yanke abinci. Ruwa ne, ba kitse ba, kuma cikin kwana ɗaya ko biyu zai sauka. Shi ya sa matsakaicin mako ya fi lambar yini ɗaya amfani, a nauyi da sodiyam duka.

Masu yanke gishiri dare ɗaya su ne suka fi saurin komawa gidan jiya, don abinci ya zame musu lami. Gara a rage kwatan abin da aka saba zubawa, a zauna a kai mako biyu, a sake ragewa. Lemon tsami, tafarnuwa, albasa, citta da barkono suna cike gurbin, kuma cikin 'yan makonni harshe zai saba har tsohon girkin ya riƙa yi maka gishiri da yawa.