Yadda za ka kare ɗan kwikwiyonka daga cutar fabo

Masu karnukan gadi da 'yan uwa mafarauta, dan Allah ku daina yarda da maganar mai sayarwa in ya ce maka "ai an yi masa allura". Tambaye shi allura nawa, yaushe, ina katin? Domin allura ɗaya ba ta isa, kuma a nan ne yawancin mutane ke yin asara.

Fabo ƙwayar cuta ce da ta ɓulla a karnuka wajen 1978, hanji take ci da ɓargo, kuma ta kashin kare mai ciwon take yaɗuwa. Ba sai karenka ya fita ba, kai kanka za ka iya kwaso ta a takalmi ko tayar babur ka kawo gida. Tana iya yin watanni a ƙasa, har shekara ma, ba ta mutu ba. Mutum dai ba ta kama shi.

To ga yadda ake yi. Kwikwiyo na kai sati 6 zuwa 8 ka kai shi wajen likitan dabbobi a yi masa ta farko, wadda ake kira DHLPP, allurar rigakafi ce ta haɗi mai kare shi daga fabo da wasu cututtuka, sai a riƙa maimaitawa duk bayan sati 3 ko 4 har ya kai sati 16. Dalilin maimaitawar shi ne kariyar da ya sha a nonon uwarsa tana iya hana allurar farko kamawa, kuma ba wanda ya san ranar da kariyar za ta ƙare a jikinsa, shi ya sa ta ƙarshen nan ta sati 16 ta fi kowacce muhimmanci, amma ita ce mutane suka fi tsallakewa saboda sun ga kare ya yi ɓul-ɓul yana wasa. In ya shekara a ƙara masa. Ta haukan kare daban take, ana yin ta daga wata 3.

Sannan ka lura da inda allurar ta fito. Dole a firji take zama, in ka ga an zaro ta daga aljihu ko jaka ba kula ba ƙanƙara, ga wutar nan tamu da kowa ya sani, wallahi kuɗinka kawai za ka zubar. Gara asibitin dabbobi na gwamnati ko likitan da zai manna maka takardar kwalbar a kati.

Kafin ya gama allurai kar ya yi yawo a layi, kar ya shinshini kashin wasu karnuka, in ka sayo sabo ka ware shi kamar sati 2 tukuna.

In kuwa fabo ta riga ta shigo, za ka ga kwikwiyo ya yi laƙwas ya ƙi abinci, sai amai, sai zawo mai jini da wani irin ƙarni da ba za ka manta ba. Kar ka tsaya ɗura masa manja ko kafso na kemis, yawancinsu cikin kwana 2 zuwa 3 suke mutuwa saboda ruwan jikinsu ya ƙare. Babu maganin da ke kashe ƙwayar, ƙarin ruwa ne da allurar tsai da amai da maganin da likita zai haɗa, kuma in an kai da wuri da yawa suna tashi. Alsatian da Rottweiler ta fi yi wa illa, amma karnukanmu na gida ma ba ta barin su.

Wanke wuri kuma bilic za ka nema, Jik ko Hypo, Dettol ba ya kashe ta. Kwashe kashin ka wanke da sabulu tukuna, sai ka haɗa kofi 1 na bilic da kofi 30 na ruwa ka zuba a keji da kwanuka da siminti ka bar shi minti 10. Tsakar gida mai ƙasa ba ta wankuwa, saboda haka kar ka kawo wani kwikwiyo gidan sai wanda ya kammala alluransa.