Yadda ake gwada man shafawa na tsirrai don kada zafi ya raba shi

Man shafawa da ake haɗawa don rage tamoji ruwa ne da mai aka tilasta musu zama wuri ɗaya, kuma da zarar sun sami dama sai su rabu. A nan Zinder, inda zafin Afrilu da Mayu kan haura digiri 40, kwalbar da ta yi sumul ranar haɗi tana iya tsinkewa tun tana kan tebur a Kasuwar Dole, don haka wajibi ne mai haɗawa ta gwada kayanta kafin ta sayar.

Aikin yana farawa tun daga tukunya. A narkar da man kaɗe da man zogale tare da kakin da ke riƙe ruwa da mai, a dafa ruwan dabam, kowanne ya kai kimanin digiri 70, sannan a gauraya ana bugawa har ya huce. Ruwan tsiro, ko na zoɓo ne ko na wani ganye, da maganin hana ruɓewa, ba a zuba su sai haɗin ya sauko ƙasa da digiri 40, saboda zafi yana lalata amfaninsu.

Daga nan a raba man cikin kwalaben gilashi huɗu, a rubuta kwanan wata. Ta farko a firij, ta biyu a ɗaki, ta uku a wuri mai zafi kamar ɗakin kwano. Ta huɗun, wadda a ganina ta fi saurin tona asirin haɗi, a riƙa kai ta firij awa 24, a mayar da ita zafi awa 24, har sau biyar.

Kowane mako, tsawon wata uku, a ɗaga kwalaben a haske. Idan mai ya tsatso a sama, ko ruwa ya kwanta a gindi, haɗin ya karye. A shafa kaɗan a bayan hannu. Jin tsaki-tsaki alama ce man kaɗen ya narke ya sake daskarewa a hankali. A auna tsaminsa da takardar pH, wato ma'aunin tsami, wanda ya kamata ya tsaya tsakanin 4.5 da 6, kusa da na fata. Zoɓo ma yakan nuna wannan da kansa, domin jan launinsa yana dusashewa idan tsamin ya ragu. A kuma ɗiga ma'auni iri ɗaya na man tsakanin gilashi biyu, a auna faɗin da ya bazu, domin idan yana ƙaruwa mako bayan mako, kaurin ne ke tafiya.

Man da ya rabu kada a motsa shi a sayar. A ƙara kakin ko a rage ruwan tsiron, a sake gwajin daga farko. Wanda ya canza wari ko ya yi ɗigon fumfuna kuwa, zubar da shi za a yi.