Kafin ka ajiye aiki, ka auna nauyinsa tukuna

Duk wanda ya ce mini aikinsa ya ishe shi, shawarar da nake fara ba shi ita ce ya yi mako biyu yana rubuta ayyukan da ya yi kowace rana. Gefen kowanne ya sa maki daga 1 zuwa 10 kan abu uku: yadda ya gajiyar da ƙwaƙwalwa, yadda lokaci ya ƙure masa, da takaicin da ya sha. Uku ne daga cikin abubuwa shida da NASA-TLX, ma'aunin nauyin aiki na hukumar sararin samaniya ta Amurka, ke dubawa. Ni dai ukun sun wadatar da ni.

Idan ka gama, ware masu maki da yawa, ka tambayi kanka: a cikinsu wanne nake da ta cewa kan yadda za a yi shi? Nan gizo ke saƙa. Tun 1979 wani masani, Robert Karasek, ya nuna cewa abin da ya fi cin rai shi ne aiki mai yawa wanda ba ka da iko a kansa. Rahoto biyar da ka tsara wa kanka lokacinsu sun fi sauƙin ɗauka a kan guda biyu da aka jefo maka ana saura awa ɗaya a tashi. Saboda haka idan ka je gaban shugabanka, kada ka ce "aiki ya yi yawa" kawai. Ce masa: "Ranka ya daɗe, a bar ni in jera su da kaina, in kawo ranar Alhamis."

Sai kuma halinka. Nazarin wani masani, Timothy Judge, da abokan aikinsa na 2002 ya gano cewa masu yawan damuwa sun fi ƙarancin gamsuwa da aiki, masu tsantseni da masu son shiga mutane kuwa sun fi gamsuwa. Idan zama kai kaɗai da kwamfuta ne ke samun makin takaici, nemi a haɗa ka da masu hulɗa da jama'a. Idan tarurruka ne, nemi awa biyu ba waya ba sallama. Mai tsantseni shi na fi tausayawa, don ba ya iya cewa a'a, kowa sai ya ɗora masa.

Lissafa awoyinka ma. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun ce aikin awa 55 ko fiye a mako na ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari. Wanda ya kai nan, ya fara neman rage awoyi kafin ya duba maganar hali.