Yadda za ka sa Linux ta nuna maka zafin kwamfuta da gudun fanka

Duk mai aiki da kwamfuta a Katsina ya san abin da Afrilu da Mayu suke yi wa inji. Waje ya haura digiri 40, ga ƙurar hunturu ta riga ta toshe fanka tun Janairu, kana tsakiyar aiki sai kawai ɗif, ta kashe kanta. Yaran da ke koyon gyara a shagona sai su ɗora tafin hannu a jikinta su ce "Oga, ta yi zafi fa". To na ji ta yi zafi, digiri nawa? A jikin madabod akwai wani ɗan cif da ke auna zafi da gudun fanka da ƙarfin wutar da ke shiga, shi ma firosesa yana da ma'auninsa a cikinsa. Aikinmu shi ne mu sa Linux ta yi magana da su. Masu Windows su sauke HWiNFO su huta, ba da su nake ba.

Ni Linux Mint nake sa wa mutane, amma Ubuntu ma duk ɗaya ne. Buɗe Terminal, wato tagar da ake rubuta wa Linux umarni, ka rubuta sudo apt install lm-sensors, ɗan ƙaramin abu ne, ba zai cinye maka data ba. Daga nan rubuta sensors kawai. Galibi za ka ga coretemp in Intel ce, ko k10temp in AMD ce, don waɗannan direbobin, wato ƙananan manhajojin da ke sa Linux ta yi magana da cif, suna tashi da kansu. Fanka ce ba za ka gani ba, a nan yara suke cewa wai madabod ɗin ba shi da sensa. Yana da shi mana, direbansa ne ba a ɗora ba.

Sai ka rubuta sudo sensors-detect. Zai yi ta jero maka tambayoyi, kowace da yes da no a ƙarshe, wadda aka rubuta da manyan baƙaƙe ita zai ɗauka in ka danna Enter. Danna Enter ɗinka ba laifi, har ya gano cif ɗin ya faɗa maka sunan direban. Cif ɗin Nuvoton da ake yawan samu a ASUS da ASRock direbansa nct6775, na ITE da Gigabyte suka fi sawa kuma it87. Amma dan Allah ka tsaya a tambayar ƙarshe, wadda yake cewa ko ya rubuta sunan direban cikin /etc/modules, fayil ɗin da Linux ke dubawa ta ɗora direbobi duk sanda aka kunna inji. Wannan NO ce da manyan baƙaƙe. Hannunka ya saba da Enter, ka danna, shi kenan bai rubuta komai ba. Dole ka rubuta yes da hannunka.

Wannan abu ya taɓa ci mini kwana biyu wallahi. Wata destof ce a wani shagon buga takardu wajen Ƙofar Ƙaura, na yi komai, na ɗora direban da modprobe, umarnin da ke ɗora direba nan take, fanka ta fito da lambarta, na nuna wa mai shagon yadda zai riƙa dubawa na kama hanya. Washegari NEPA suka ɗauke wuta, aka tada janareta, aka kunna inji, babu layin fanka babu alamarsa. Ya kira ni, na zo na kwance kes, na zare wayar fanka na mayar, na canza fanka, har na fara zargin canjin wutar ne ya ƙona cif ɗin, saura ƙiris in sa bawan Allah ya sayi madabod alhali nasa lafiyarsa lau. Sai da na buɗe /etc/modules na ga babu sunan direban. Abin da modprobe ya ɗora ba ya wuce kashewa ɗaya, wanda aka rubuta a fayil ɗin nan shi ne yake dawowa kullum. Tun ranar dokata ita ce, ba na barin wurin inji sai na kashe na kunna na ga lambobin sun dawo.

In laftof ce kar ka tilasta yes a inda ya sa NO, musamman wajen binciken I2C da SMBus, hanyoyin da ƙananan cif ke magana da juna a madabod, an taɓa lalata wasu tsoffin ThinkPad na IBM da irin wannan lalube. Su laftof ta wata hanya suke bi, ThinkPad tana da thinkpad_acpi, Dell tana da dell_smm_hwmon, HP kuwa sau da yawa zafi kawai za ka gani ban da fanka, ka haƙura da shi.

Wani lokaci za ka yi sudo modprobe it87 ya ce maka resource busy, wato ACPI, tsarin madabod da ke kula da wuta da zafi, ta riga ta riƙe wurin. Ana iya ƙara acpi_enforce_resources=lax a /etc/default/grub a yi sudo update-grub. A injina ina yi, a na kwastoma ba na yi, don abu biyu ke taɓa cif ɗaya a lokaci guda.

Wajen karantawa, in ka ga 127 ko -128 kar gabanka ya faɗi, ƙafar cif ce da ba a jona mata komai ba. Rubuta watch -n 2 sensors ka buɗe bidiyo ko wani aiki mai nauyi ka zuba ido. Yawancin Intel iyakarsu 100 ce, za ka gan ta a wurin crit. Ni dai inji yana zaune ba ya komai ya wuce 65, buluwa nake ɗauka in hure fanka in canza man firosesa, wanda ake shafa masa don ya fitar da zafi. Zafin hard disk kuma sudo modprobe drivetemp, yana nan tun kanel 5.6 (kanel shi ne zuciyar Linux), shi ma ka sa sunansa a /etc/modules.