Yadda zaka yi sharhin tsohon fim ɗin barkwanci na zamanin kiɗan jaz

In zaka yi sharhin irin finafinan nan na Amurka na wajen 1929 zuwa 1931, waɗanda samari da 'yan mata ke kwana ana rawa ana shaye-shaye, don Allah kar ka kama rubutu bayan kallo ɗaya. Kalli sau biyu. Na farko ka saki jiki ka yi dariyarka, na biyu ka ɗau biro ka kasa kunne, don aikin a kunne yake.

Sauti fa sabon abu ne a lokacin, sai 1927 The Jazz Singer, ɗaya daga cikin finafinai masu magana na farko, ya fito. Kyamara tana da ƙara sosai, sai aka kulle ta da mai ɗaukan cikin wani akwati mai gilashi, makirfo kuma a ɓoye shi cikin tukunyar fure ko bayan tarho. Shi yasa zaka ga falo ya cika, ana busa kakaki kowa na tsalle, amma da an zo magana sai mutum uku su taru gaban tebur ɗaya su ƙame kaman an dasa su. Wallahi yana min ciwo in ga an rubuta wai 'yan wasan basu iya ba, alhali makirfo ne ya ɗaure su. Kai ka nemo inda darakta ya yi dabara ya kuɓuce ma wannan, ka faɗi minti na nawa ne. Ka lura kuma da ɗan shirun da suke bari bayan barkwanci, wurin dariyar 'yan sinima ne.

Sai giyar. Daga 1920 zuwa 1933 doka ta hana saida ta a Amurka, to duk kwalbar da aka zaro daga aljihun kwat karya doka ce kuma 'yan kallo sun sani, rabin dariyar daga nan take. Duba shekarar fim ɗin ma, kasuwar hannun jari ta rushe a Oktoban 1929, wanda ya kalli wannan facaka a 1931 wataƙila aikin yi ma bashi da shi. Maganganun rashin kunya da zasu baka mamaki kuwa, sun wuce ne don sai 1934 aka fara matsa dokar tace finafinai ta Hays da gaske.

Ka faɗa wa masu karatu wane kwafi ka kalla, in sautin na shuuu ne kaman ruwan sama su sani tun kafin su zauna.